Lissafin Da Ba A Cin Tuwo Da Shi

Bara ɗan yayata ya nemi gurbin karatun likita a jami'a, aka ba shi lissafi. Ranar da takardar ta fito gidan ya yi tsit kamar an aiko da rasuwa. Da magariba mahaifiyarsa ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini tsakaninka da Allah, wannan lissafin me ake ci da shi?" Na ce, "Yaya, ai akwai banki, akwai koyarwa." Ta ce, "Koyarwa," ta yi shiru, ta kashe wayar.

Na daɗe ina jin kunyar amsar da na ba ta. Na kare lissafi kamar mai kare ɗan da ya yi abin kunya, alhali ita tambayar ce ya kamata a zaunar a yi wa tambayoyi. Yaya dai tana da uzuri, marayu take riƙo, kuma tana so ta ga ranar da yaron zai sayo mata buhun shinkafa. Waɗanda ba su da uzuri su ne masu raba kuɗin ƙasa, domin irin wannan tambayar suke yi wa duk malamin jami'ar da ya kawo buƙatar kuɗin bincike: yaushe za a ga abin a kasuwa, mutum nawa zai ɗauka aiki, wa zai zo ya yanke ƙyalle. Binciken da ya kasa amsa waɗannan nan take sai a tura shi ƙasan tebur. Ni kuwa a ganina da wannan gaggawar muke kashe gaba ɗaya abin da muke cewa muna nema.

Bari in fara daga gida, don kada a ce lissafin da ba shi da amfanin yau-yau al'adar Turawa ce. A shekarar 1732 wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, can ya rasu a 1741. Duk wanda ya tashi kusa da zauren malamai ya san ƙaramin hatimin nan mai gida tara: ka jera lambobi daga 1 zuwa 9, ta duk inda ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Mutane sun ɗauke shi sun sa a laya, wannan wata magana ce daban. Abin da ya ɗauki hankalin malamin shi ne ƙa'idar da ke ƙarƙashin abin, yadda za ka cika hatimi komai girmansa ba tare da lalube ba. Yau masana tarihin lissafi a ƙasashen waje suna ambaton sunansa, mu kuwa ɗalibanmu na sakandare sai su gama ba su taɓa jin an yi shi ba.

To juya tambayar hatimin. A ce ba a nuna maka lambobin da ke cikin gidajen ba, jimillar kowane layi kawai aka ba ka. Za ka iya gano abin da ke ciki? Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Radon, ya warware babbar yayar wannan tambaya a 1917: idan ka san jimillar abin da ke kan kowane miƙaƙƙen layi da ya ratsa wani abu, daga kowace kusurwa, za ka iya fitar da hoton cikinsa. Ba wanda ya aike shi, ba kuma asibitin da ke jiransa. Takardar ta yi kwanciyarta shekara da shekaru. Sai a shekarun 1950 wani masanin kimiyyar fiziks, Allan Cormack, da ke taimaka wa sashen gashin ciwon daji a wani asibitin Cape Town ta Afirka ta Kudu, ya ci karo da matsalar, ya zauna ya sake warware ta da kansa, bai ma san Radon ya riga shi ba. Injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera na'urar a Ingila, aka ɗauki hoton kan majinyaciya ta farko a 1971, su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 1979. Wannan ita ce na'urar hoton CT da ake tura mutanenmu su yi tafiyar sa'o'i su biya dubban nairori don a leƙa cikinsu ba tare da an tsaga ba. Shekara 54 tsakanin takardar Radon da majinyaciyar farko. Da kwamitin raba kuɗin bincike irin namu aka kai wa takardar, da tuni an kore shi.

Haka lambobin nan da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, irin su 7 da 13 da 101. Ƙarnoni ana wasa ƙwaƙwalwa da su don sha'awa zalla. A 1940 wani babban masanin lissafi na Ingila, G. H. Hardy, har alfahari ya yi cewa ba wanda ya samo wa wannan fanni wani amfani na yaƙi. A 1977 mutum uku a jami'ar MIT ta Amurka suka gina hanyar kulle saƙo a kan waɗannan lambobi, kuma irin wannan lissafi ne ke gadin kuɗinka yau idan ka tsaya gaban mai POS a bakin kasuwa. Yaya tana turo wa ɗanta kuɗin makaranta ta waya, lissafin da take ƙorafi a kansa shi ke rako kuɗin har su isa.

Amma ba nan abin ya fi yi mini ciwo ba. Inda ya fi ciwo shi ne ƙidaya, ƙidayar marasa lafiya.

Gwaggona ta rasu da ciwon hanta. Cikinta ya kumbura, idonta ya yi ɗorawa, aka fara da jiƙe-jiƙe, aka ce shawara ce, wasu suka ce jifa ne. Da muka kai ta babban asibiti likitan ya taɓa cikin, ya duba hoton, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ku koma da ita gida ku yi ta addu'a." Ba a yanki tsoka an gwada ba, domin kuɗin gwajin ya fi ƙarfinmu kuma ba abin da zai canja. Mako uku ta ƙara. Aka yi mata sutura bayan azahar, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. A takardun ƙasar nan babu inda aka rubuta abin da ya kashe ta. Ban sani ba ko katin nata yana nan ko gara ta cinye. Ajali ne, na yarda, kowa da ranarsa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma a unguwarmu ba ita kaɗai ce ta tafi da kumburarren ciki ba.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum kusan 125,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 79,000 suka mutu. Ana ta maimaita waɗannan alƙaluma a taruka kamar wani ya bi gida-gida ya ƙirga. Ƙiyasi ne, an ɗauko daga 'yan rajistocin masu ciwon daji na wasu birane ƙalilan aka faɗaɗa a kan ƙasa baki ɗaya. Rajistar farko a ƙasar nan a Ibadan aka kafa ta tun 1960. Ƙauyukan Arewa, inda ake mutuwa a gida a binne a ranar, kusan ba sa cikin lissafin. Don haka idan an ce ga ciwon dajin da ya fi kashe 'yan Nijeriya, a tambaya: waɗanne 'yan Nijeriya?

Wani zai ce ƙidaya ba ta warkar da kowa. Tarihi bai goyi bayansa ba. A ƙarshen shekarun 1940 ciwon dajin huhu ya yi ta ƙaruwa a Ingila ba a san dalili ba. Likita Richard Doll da masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill suka bi asibitocin Landan suna yi wa majinyata tambayoyi suna cike takarda. Shi Doll da farko kwalta da hayaƙin mota yake zargi. Da alƙaluma suka taru sai suka nuna taba, shi kansa ya daina sha tun kafin a gama aikin. Suka wallafa a 1950, sannan daga 1951 suka shiga bin diddigin dubban likitocin ƙasar, aikin da ya ɗauki shekara 50. Ba allura suka ƙirƙiro ba, ba ƙwaya ba. Tambaya da takarda da lissafi ne, kuma rayukan da wannan ya ceta sun fi na magunguna da yawa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Denis Burkitt, likitan tiyata mai ido ɗaya da ke aiki a Kampala ta Yuganda. Ya ga yara suna zuwa da kumburin muƙamuƙi, ya bayyana ciwon a 1958. Maimakon ya tsaya nan, ya aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya, sannan a 1961 shi da abokai biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000, suka leƙa asibitoci fiye da 50, tambayarsu ɗaya: kuna ganin wannan ciwo a nan? Da ya kafa allurai a kan taswira sai ya ga ciwon yana bin wurare masu zafi da damshi, yana ƙaurace wa tsaunuka masu sanyi, wato yana bin sawun zazzaɓin cizon sauro. Daga tsokar da ya riƙa aikawa Landan aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A Ibadan kuma wani likita ɗan Kamaru, Victor Ngu, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ciwon yana jin magani, har ya samu kyautar Lasker a 1972. Tsohuwar mota da taswira. Kuɗin da ake kashewa a taron bita guda a otal ɗin Abuja ya isa a yi irin wannan.

Kuma muna da tambayoyinmu da ba wanda zai zo ya amsa mana. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar abincin gyaɗa ne da aka shigo da shi daga Birazil, wanda wata fumfuna ta kama. Gubar da take fitarwa, aflatoksin, yanzu an tabbatar tana haddasa ciwon dajin hanta, kuma idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B haɗarin yana ninkuwa sosai. Mu ne mutanen dalar gyaɗa. Mu ne masu ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da masarar da ake zubawa a rumbu da sauran danshi. Gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, wadda ta yi baƙi-baƙi a bar wa gida. Cutar hanta kuwa tana nan jingim a cikinmu, kuma sai a 2004 allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya. Gambiya, 'yar ƙaramar ƙasa, ta fara yi wa jarirai wannan rigakafi tun 1986 cikin wani bincike da aka tsara zai bi yaran fiye da shekara 30 don a ga ko ciwon dajin hanta zai ragu. Ga kuma tsargiya. A garuruwan bakin ruwa da wuraren noman rani yaro ya yi fitsarin jini ba a ɗauke shi komai ba, wasu ma alamar balaga suke ɗaukarsa, alhali an san tsutsar da ke haddasa tsargiya tana kai wa ga ciwon dajin mafitsara, kuma likitocin Sakkwato da Kano sun daɗe suna rubutu a kan yawan wannan ciwo a wajensu. Wace ƙaramar hukuma ce abin ya fi tsanani? Tun da aka gina madatsun ruwa ƙaruwa ya yi? Ma'aikaci mai albashin da ba ya yankewa, da babur, da littafin rajista, da ɗakin gwajin tsoka mai wuta, da wanda ya iya lissafi ya tace alƙaluman, su za su ba da amsa. Ba wanda zai yanke ƙyalle a kan littafin rajista, shi ya sa ba a so.

Na ce ɗakin gwaji mai wuta, wannan ya kawo ni kan rufin ɗakina. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagare ni, na ci bashi na sa sola. Wata biyun farko har fankama nake yi wa maƙwabta. Da hunturu ya shigo sai batir ya fara mutuwa tun kafin sallar isha'i. Na kira yaron da ya haɗa mini, ya hau tsani, ya shafa yatsa a kan farantin ya nuno mini shi ja wur. Ya ce, "Alhaji, ai ƙura ce. Sai dai a riƙa wankewa." Na ce sau nawa a mako? Ya ce, "To, yadda dai ka gani." Ban ga laifinsa ba, iyakar abin da aka koya masa ke nan. Bazara ta zo, rana kamar ta fasa kai, na zaci yanzu ne zan sha wuta, sai na ga abin bai kai yadda na zata ba. Daga baya na gane cewa ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da farantin ya haura haka yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Farantin da ke kan rufin kwano a watan Afrilu yana iya haura digiri 60. Kai ma yi lissafin.

Shi wannan faranti jikan binciken da ba a cin tuwo da shi ne. Wani saurayi Bafaranshe ɗan shekara 19, Edmond Becquerel, ya lura a 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki. A 1891 masana biyu, Fedorov a Rasha da Schoenflies a Jamus, suka nuna ta hanyar lissafi zalla cewa hanyoyi 230 ne kacal ƙwayoyin zarra za su iya jeruwa a cikin ƙirar dutse mai tsari, shekara 21 kafin a samu hanyar leƙa wannan jeri da haske. Einstein ya bayyana yadda haske ke fizgo lantarki a 1905. Sai a 1954 aka ƙera farantin silikon na farko mai amfani a ɗakin binciken kamfanin Bell, yana juya kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki, da tsadar da sai kumbon sama jannati ke iya ɗauka. A Ostareliya Martin Green da ɗalibansa suka shafe shekaru suna ƙara masa inganci kaɗan-kaɗan. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Shi Zhengrong, ya koma ƙasar Sin ya kafa kamfanin Suntech a 2001. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, shi ya sa ni ɗan albashi na iya hawa da shi rufina.

Yanzu idon masu bincike yana kan wani sinadari da ake kira ferobskait. A 2009 wata tawaga a Japan ta samu kashi 3.8 cikin 100 da shi, yau ya haura 25, idan kuma aka shimfiɗa shi a kan silikon ya wuce 33. Aibinsa biyu ne, kuma dukansu sun shafe mu kai tsaye. Na farko, zafi da danshi suna lalata shi da wuri. Na biyu, mafi ingancinsa yana ɗauke da dalma. Mu da muka binne yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 saboda gubar dalma ba ma buƙatar a yi mana bayani. Ranar da waɗannan faranti suka yi arha, nan za a juyo da su, nan za su fashe, nan yara za su yi wasa da ɓaraguzansu a bola. In ba mu da masanan da suka san cikin abin, wa zai ce a tsaya?

Ba ina cewa mu yi gasar ƙera silikon da ƙasar Sin ba, wadda ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan sana'a. Wannan asarar kuɗi ce, kuma masana'antar da ake ɗaura gilashi a kan ƙwayoyin silikon da aka sayo daga waje ba ita ce bincike ba, komai girman allon da aka kafa a ƙofarta. Namu rabon shi ne abin da ba wanda ya kai mu samunsa: ƙurar hunturu, zafin bazara, batirin da ke mutuwa a shekara biyu. Wane shafi za a yi wa gilashi ƙura ta ƙi kama shi? Yaya za a wanke faranti a garin da ake sayen ruwa a jarka? Wane irin faranti ya fi jure wa Nguru ko Agadas? Duk kamfanin da ke son sayar da kaya a yankin Sahel zai biya kuɗi don wannan sani. An ma taɓa farawa. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a Nijar, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ƙasarsa tun daga 1969, lokacin da duniya ke ganin abin wasa ne. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980. Hankalin farawa ba mu rasa shi ba. Riƙon ne ya gagare mu.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce: ƙasar da yara ke kwana da yunwa, asibitin ƙauye ba farasitamol, ina ta ga kuɗin biyan mutum ya zauna yana tunanin lambobi? Na yarda ba za mu iya komai ba, dole a zaɓa. To a zaɓa da lissafi mana. Cikin fannonin nan uku, lissafi zalla ya fi kowanne arha: allo, alli, intanet, albashin da zai hana mutum neman aikin gefe, da kuɗin zuwa taro sau ɗaya a shekara. Ƙidayar marasa lafiya ke bi masa. Binciken sinadarai shi ne mai cin kuɗi, shi ya sa na ce a tsaya a kan lungun da ya shafe mu. Mu kuwa mun juya abin. Gini ne farko, sai na'ura mai tsadar gaske da za a kulle a ɗaki saboda ba wuta ba mai sarrafa ta, mutum shi ne na ƙarshe. Shugabannin Afirka sun yi alkawari tun taron Legas na 1980 cewa za a kai ga ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike, suka sake nanatawa a Khartoum a 2006. Ba mu ko kusanta ba. A 2022 jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas a rufe. Binciken da ke bin majinyata shekara 30 ba ya rayuwa a wurin da ake kulle ƙofa wata takwas.

Abin da ya fi ba ni takaici, jami'ar Ahmadu Bello ta taɓa samun shugaba masanin lissafi, Farfesa Iya Abubakar, a shekarun 1970. Yau sashen lissafi a yawancin jami'o'inmu ya zama juji, nan ake zuba waɗanda ba su samu abin da suka nema ba, su shiga suna kuka, su fita suna neman aikin da ba ruwansa da abin da suka karanta. Daga cikinsu ne kuma muke sa ran samun mai tace alƙaluman ciwon daji da mai lissafin jerin zarra.

Da hutun ƙarshen shekara yaron ya zo wajena. Ya tarar da ni ina faɗa da mai wankin faranti a kan ko duk kwana uku za a wanke ko duk mako. Ya ce, "Kawu, me zai hana mu auna?" Ya samo littafi mai layi-layi, ya ce a wanke rabin farantan a bar rabi, ya aro ma'auni wajen mai gyaran rediyo, kullum ƙarfe goma sha biyu ya hau tsani ya rubuta. Da Yaya ta zo ɗaukarsa ta same shi a kan rufi da biro a bayan kunne, wandonsa duk jar ƙasa. Ta dube ni ta ce, "Wannan ne lissafin?" Na ce, "Wani ɓangare ne, Yaya." Ta ce to ya sauko haka nan kar ya faɗo, kuma ni zan biya kuɗin sabulun wankin wandon.